Ranar da Na Bar Mota Na Sauka Gaida Baffa

Ko da zan tsufa har in riƙa rikita sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da Talatar nan ba. Yau sati uku ke nan, amma wallahi har yanzu in na ji usur ɗin mai ba da hannu sai in zabura ina neman birki da ƙafa. Na ce bari in rubuta ko abin ya fita daga kaina. In kun yi dariya ba zan ji haushi ba, don rabin Sakkwato sun riga ku.

Ni 'yar Kwargaba ce, ta ƙasar Wurno. Da na gama sakandare na yi shekara guda a gida ina taya Inna aiki da gyaran albasa, har ƙanwar babanmu, Gwaggo Hajara, wadda ke aikin ofis a Sakkwato, ta ce a ba ta ni. Ta samo mini aiki a wani shago da ake buga takardu da kwamfuta, kusa da ofishinsu. Babanmu bai ƙi ba. Wanda ya ƙi shi ne yayansu, Baffa Mudi, kuma a gidanmu in Baffa ya ce a'a, babanmu ma naɗe tasa maganar yake yi ya ajiye.

Sau biyu Gwaggo tana zuwa har gida kafin ya sassauto. Ranar da ya yarda ina durƙushe a bakin zaure, ya dube ni ya ce, "Ta tahi. Amma ran da nig ga ko nij ji birni ya taɓa mata tarbiyya, ran nan za ta kwan gidan ga." Ni kuwa aikin nan da zaman birnin nan, ba ni da abin da nake so kamar su, don haka maganarsa ta zauna mini a ƙirji kamar an ɗora dutsen niƙa.

To sai kun san abin da Baffa yake nufi da tarbiyya. Gaisuwa ce, da yadda ake yin ta. A gidanmu ba a gaida babba a tsaye, ba a gaida shi kana bisa wani abu. Namiji in yana kan keke ko jaki sai ya sauko. Mace kuwa ta durƙusa, ta sunkuyar da kai, idonta a ƙasa, ta bi gaisuwar ɗaya bayan ɗaya har ta ƙare. Ko ya ce miki "tashi, tashi", ba a tashi a faɗin farko, kara ce kawai yake yi miki, ke ma sai ki yi masa ta ki ƙara zama. Akwai ɗan wan Innarmu da ya taɓa ɗaga wa Baffa hannu daga kan babur a hanyar Goronyo, ya wuce. Shekara biyu ke nan, har yau Baffa ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce "mai hannu".

Batun tuƙi kuma, tun a gida na koya a ɓoye. Yayana Sanusi yana da tsohuwar a-kori-kura da yake ɗaukar albasa, shi ya riƙa koya mini a wani fili bayan an cire amfani. Babu kowa sai awaki, su ma sun san ni, da sun ji ƙarar motar suke watsewa. Wata biyar da zuwana birni Gwaggo ta zame a banɗaki, ƙafarta ta dama ta karye, aka naɗe ta da filasta tun daga yatsu har gwiwa. Sai ta ce tun da na iya, a yi mini lasisi in riƙa kai mu aiki ina dawo da mu. Muka yi shawarar kada a faɗa a gida tukuna. (Shawarar Gwaggo ce, ina so a rubuta wannan a ajiye.)

Motar Gwaggo irin mai canja giya da kanta ce, babu kuloci, daga birki sai totur. Da ka ɗaga ƙafa daga birki, ko totur ba ka taka ba, sai ta kama tafiya a hankali kamar jakin da ya san hanyar gida. Bayan a-kori-kurar Yaya Sanusi, wadda sai ka yi kokawa da ita kafin ta shiga giya ta biyu, wannan ai wasa ce. Abin da ba wasa ba shi ne titin. Wanda bai taɓa tuƙi a Sakkwato da ƙarfe huɗu na yamma ba, bai san iyakar haƙurinsa ba. 'Yan kabu-kabu da baburansu ta dama, ta hagu, wani ma sai ka rantse ta ƙarƙashin motar ya fito. Masu ƙafa uku su tsaya inda suka ga dama. Mai kurar ruwa ya turo tasa tsakiyar hanya yana harararka kamar kai ka shigo masa gida. Ga zafi, ga hon ta ko'ina. Satin farko kullum in mun isa ofis hijabina sharkaf yake, sai Gwaggo ta ɓamɓare yatsuna daga sitiyari.

Amma ɗan Adam da sabo. Kafin wata biyu na zama gwana, ko in ce na ɗauki kaina gwana. Na fara tuƙi da hannu ɗaya. Na fara ce wa 'yan kabu-kabu "malam, ba ka gani?" ta taga. Na sayi baƙin tabarau mai faɗi a bakin titi, wai don rana. (Ba don rana ba ne. Na duba madubi na ga ya yi mini kyau.) Har cingam na koyi ci, don na ga wata mai jar mota tana yi.

A haka Talatar ta same ni. Mun taso daga aiki bayan la'asar, muka iso shataletalen nan na kusa da kasuwa, inda hanya huɗu ke haɗuwa. Gwaggo tana kujerar baya ta miƙe ƙafar filasta a kan kujera, sandunanta a ƙasa, tana waya da ƙawarta kan ankon wani biki. Mai ba da hannu, wani dogo da farar safar hannu, ya tsayar da layinmu, ni ce ta farko a gaba. Na taka birki na riƙe. Rediyo na tashi, tabarau a fuska, cingam a baki, gwiwar hannuna a kan taga. In da za a zana hoton yarinyar da birni ya lalata, ni za a zana.

Sai wani ɗan kabu-kabu ya kutso ya tsaya daf da tagata. Takalmin fasinjan na fara gani, na ce a raina wannan takalmin kamar na san shi. Na ɗaga ido kaɗan na ga shuɗiyar riga, da kan injin ban-ruwa rungume a cinya. Na ƙara ɗagawa na ga farin gemu. Baffa. Ashe injinsa ne ya lalace ya kawo gyara. A duk faɗin Sakkwato, da duk motocin da ke cikinta, tagata Allah ya kawo shi.

Ya dube ni, ya kau da kai, sannan ya sake juyowa a hankali.

"Wa nika gani haka?"

Na haɗiye cingam. Na fizge tabarau na jefa ban san ina ba. Abin da ya zo mini a kai guda ɗaya ne: ga Baffa, ga ni zaune a kan kujera, hannu a taga. In na ce "ina wuni" daga nan, na zama mai hannu ta biyu, kuma yau a Kwargaba zan kwana. Wallahi ban yi tunanin mota ba, ban yi tunanin titi ba, ban ma tuna akwai Gwaggo a duniya ba. Jikina ne ya yi abin da aka koya masa tun ina 'yar shekara huɗu. Na buɗe ƙofa, na fito, na zube a kan kwalta. Kwaltar kuwa kamar tandar waina.

"Baffa, ina wuni."

"Lahiya... ke..."

"Ina gajiya. Ya kunka baro mutanen gida?"

"Ke, tashi!"

Na ce a raina, yawwa, an zo wurin. Faɗin farko ne, ba a tashi. Na ƙara sunkuyar da kai har ina ganin tsakuwar da ke cikin kwalta.

"Ina su Inna? Ya aikin hwadama?"

"Tashi nic ce! Ke! Tashi!"

Na ce lallai yau Baffa gwada ni yake yi da gaske. Na gyara durƙuso. Ina shirin tambayar ciwon bayan matarsa ke nan sai na ji muryar Gwaggo tana salati. Wannan bai dame ni ba, Gwaggo ko a waya salati take yi in an faɗa mata kuɗin atamfa. Abin da ya dame ni shi ne muryar tana yin nisa. Na ce ya aka yi Gwaggo, da ba ta iya taka ƙasa, take nisa?

Na ɗago kai.

Motar ta tafi. Tana tafiya a hankali abinta, cikin natsuwa, ta nufi tsakiyar shataletale, ƙofar direba a buɗe kamar kaza ta ɗaga fiffike ɗaya, rediyo na ta waƙa. Babu kowa a sitiyari. Na bar ta cikin giya, na ɗaga ƙafa daga birki, ita kuwa ta yi abin da ta saba.

Mai ba da hannu ya ga mota ta karya masa doka, ya hau busa usur, ya ɗaga farar safa yana nufo ta da faɗa. Sai da ya zo daf da ita ya leƙa, ya ga kujera wayam, ya yi wani tsalle gefe da ban taɓa ganin mai kaki ya yi irinsa ba. Ta ɗaya hannun kuma an riga an saki motoci. Na ji ƙarar birki ta ko'ina, ƙiii, ƙiii. Wata babbar mota shaƙe da shanu ta ja birki har shanun suka yi gaba suka dawo, ta tsaya, tsakaninta da ƙofar da Gwaggo take bai fi taku biyu ba. Har yanzu in na rufe ido ina ganin hancin motar nan.

Baffa kuwa, mutumin da ya haura saba'in, wanda ban taɓa ganin ya yi ko sauri ba, ya dire injin a cinyar ɗan kabu-kabu, ya tattare riga ya zura da gudu. Ya cim ma motar ya cafke ta ta baya da hannu biyu, ya kafe dugadugansa a ƙasa, irin yadda ake riƙe bijimi in ya tsinke. Mota ba ta san da zamansa ba. Ta ci gaba tana jan sa, hularsa ta faɗi, takalmi ɗaya ya fita, yana ta ce mata "Tsaya! Tsaya!" Gwaggo daga ciki ta rarumo sandarta tana zungurar gaba wai ta kai ga birki, sai hon take dannawa.

Ni fa? Ina so in ce muku na tashi na bi ta a guje na yi bajinta. Ban tashi ba. Ina nan durƙushe a tsakiyar titi, hannu biyu a ka, ina ihu, "Birki! A taka birki!" Wa zai taka? Ni ce mai birkin.

Allah ya taimake mu motar ba gudu take ba. Ta je ta daki simintin da ya kewaye shataletalen, gum, ta tsaya tana gurnani. Mai ba da hannu ya zo ya zura hannu ya kashe ta. Sai mutane suka yi caa. Masu kasuwa, 'yan kabu-kabu, masu sayar da ruwan leda, har direban shanu ya sauko. Wasu sun ɗaga waya suna ɗauka.

"Ina direban motar nan?" in ji mai ba da hannu.

Ban taɓa ganin yatsu da yawa haka sun nuna mutum ɗaya ba. Na miƙe da ƙyar. A hanya na tsinci hular Baffa da takalminsa, na riƙo su da hannu biyu, na iso gaban mai ba da hannu.

"Ke ce direba?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Ina kika je?"

Da na yi shiru da ya fi. Amma aka tambaye ni, kuma an koya mini in babba ya yi tambaya a ba shi amsa.

"Gaisuwa na tahi."

Wurin ya fashe. Wani ɗan kabu-kabu har da kwanciya a kan tankin babur. Wani ya ce, "Awo, ta tahi gaida baffanta, mota ma ta tahi gaida nata!" Wata mai tallar gyaɗa ta ce, "Allah shi yi miki albarka ɗiyar ga, amma don Allah ki riƙa hawa kabu-kabu." Gwaggo ta leƙo ta taga, ɗankwalinta a wuya, wayar har yanzu a hannunta ƙawar tana ta "halo, halo", ta ce, "Ni kinka bari cikin mota da ƙahwa guda? Ni? Ko gawa aka ɗauko ai a kan ja birkin hannu!"

Mai ba da hannu bai yi dariya ba. Ya karɓi lasisina ya duba gaba da baya, ya dube ni, ya ce mota sai ofis. Nan ne Baffa ya matso, yana haki, ƙafa ɗaya babu takalmi, gwiwar wandonsa ta yage.

"Ɗana, ka yi haƙuri. Ni ta gani. Ɗiyar ƙanena ta, haka munka koya mata."

"Baba, ku kuka koya mata ta bar mota a giya?"

"A'a, wannan ba mu ba ne. Gaisuwar dai."

"To Baba, da mai shanun can birkinsa bai kama ba fa? Wa za a gaida?"

Baffa ya juya ya dubi babbar motar, ya dubi ƙanwarsa a kujerar baya. Ni kuwa a nan ne kuka ya zo mini, irin mai sheshsheƙa, da majina da komai, a gaban jama'a. Ina jin kukan ne ya cece mu, don mai ba da hannu ya gaji da kallona, ya miƙo mini lasisin ya ce mu kwashe motarmu mu ba shi wuri, layi ya kai gada. Ban iya komawa sitiyari ba. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko Baffa, wanda ya ce ya taɓa yin tasi, shi ya ba wani ajiyar babur ya kai mu gida, yana tuƙi kafaɗunsa na rawa don dariyar da yake dannewa.

Baffa bai bi mu ba. Ya karɓi hularsa daga hannuna ya kaɗe ta, ya sa takalminsa, ya rungumi injinsa. Bai dube ni ba, bai ce mini ci kanki ba. Ya tsallaka titi ya nufi tashar motocin Wurno.

Ya ga tabarau. Ya ga tuƙin da aka ɓoye masa. Na sa shi gudu a gaban kasuwa, na kusa hallaka masa ƙanwa. Da muka isa gida ban jira an ce mini ba, na jawo jakata na fara ninke kaya. Laraba shiru, Alhamis shiru. Na je shago ina buga takardar wani, na rubuta layi ɗaya sau uku. Duk wayar da ta yi ƙara sai na zabura. Gwaggo ta daina yi mini magana kwana ɗaya, rana ta biyu ta dube ni ina shanya, ta tuntsire da dariya har tana riƙe filasta, amma da na tambaye ta mi take gani Baffa zai ce, sai ta ce, "Yaya Mudi? Ko uwarmu ba ta san abin da zai ce ba."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci babanmu ya kira. Na durƙusa a tsakar ɗaki kafin in ɗauka. (Na sani, ba ya ganina. Ku bar ni.)

Muka gaisa. Ya yi gyaran murya ya ce, "Yaya ya ba mu labari."

"Na'am, Baba."

"Ba mu kaɗai ba. Ya ba da shi ƙohwar masallaci. Ya ba da shi kasuwar Goronyo. Jiya wani ya zo daga Rabah shina tambaya ko gidan ga na gidan su yarinyar da tab bar mota."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe. Na ce, "Baba, na haɗa kayana. Yaushe zan taho?"

"Ki taho ina? Yaya ya ce ɗiyar da za ta sauko bisa mota tsakiyar Sakkwato ta durƙusa mashi kan kwalta, birni bai iya komi da ita. Ya ce ki zauna ki yi aikinki. Tabarau dai ya ce a ba makaho."

Na buɗe baki in yi godiya, kuka ya riga ni.

"Tsaya, da saura," in ji Baba, kuma na ji muryarsa tana rawa kamar mai riƙe dariya. "Ya ce in hwaɗa maki, daga yau in kin gane shi bisa titi, ko ya yi maki sallama, ki yi kamar ba ki san shi ba. Ya ce gwiwarshi ba ta iya wani gudun."

Na koma tuƙi ranar Litinin, don Gwaggo ta ce ko in tuƙa ko in goye ta. Hannu biyu a sitiyari, babu rediyo. Ba yadda za mu je aiki ba mu bi ta shataletalen nan ba, kuma 'yan kabu-kabun wurin sun haddace motar. Da sun hango mu sai su fara rusunawa daga kan babur, "Baffa ina wuni! Ina gajiya!" Mai ba da hannu kuwa in ya tsayar da layinmu sai ya nuna ni da farar safa, ya nuna kujera, wato in zauna inda nake.

Abin da na koya bai da yawa, amma na koye shi har cikin ƙashi. Girmama manya wajibi ne, ban canja ra'ayi ba. Sai dai babba yana iya jiran gaisuwa na minti ɗaya, mota kuwa ba ta jiran kowa. Yanzu ko Sarkin garinmu na hango, sai na gangara gefe, na ja birkin hannu, na kashe mota, na zare makulli na riƙe a hannuna, na leƙa na tabbatar Gwaggo tana nan inda na bar ta. Sannan in ce ina wuni.